Mutumin da ke Cikin Alfadari

Shekara goma sha tara Lowell Drabek ya yi yana shiga cikin alfadari, amma in ka cire mutanen ofis, mutum biyu ne kacal a garin Aldine suka san da haka: matarsa Irena, da Bernadine Tull, dattijuwar da ke ɗaure masa igiyoyin baya ta kuma yi masa jagora cikin 'yan kallo. Sauran jama'a sun ɗauka ma'ajin kaya ne a zauren wasa, mai ƙirga tawul da ƙwallaye. Har tausayinsa suke ji, wai yana aiki a gidan amma ko wasa ɗaya bai taɓa samun zama ya kalla ba.

Alfadarin kuwa sunansa Otis, kuma babu yaro babu babba a garin da bai san Otis ba. Ƙatuwar riga ce mai gashi ruwan toka, da kai kamar tulu, haƙora a waje cikin dariyar da ba ta ƙarewa. Shi ne alamar ƙungiyar ƙwallon kwando ta garin, Alfadaran Aldine. Ba ya wani tsalle da alkafura irin na yaran yanzu. Abin da ya iya shi ne taurin kai. Ana cikin hutun rabin lokaci sai ya je tsakiyar fili ya zauna daɓas, alƙalin wasa ya ja, masu gadi su tura, ko gezau. Nan mutum dubu goma sha huɗu za su miƙe suna ihu, "Ba ya tashi! Ba ya tashi!" Gaskiyar magana, ranar da Lowell ya fara yin haka gwiwarsa ce ta riƙe, amma wa zai gaya musu?

Doka biyu ce a aikin, kuma a rubuce suke cikin kwantiragi. Otis ba ya magana. Otis ba ya cire kai a gaban mutane. Wanda ya karya ɗaya, a ranar zai ajiye rigar, babu batun a yi haƙuri. Kada ka ce wasa ne. A wani gari an kori mutum kan hoto ɗaya tak, an ɗauke shi a bayan gini yana shan taba da kan damisa a hammata.

To, cikin watan Janairu mai ƙungiyar ya tsaya gaban 'yan jarida, da murmushin nan nasa na wanda bai taɓa jiran bas cikin sanyi ba, ya ce ƙungiya za ta koma Verano, can cikin hamada, inda aka gina masa sabon zaure. Shekara sittin da ɗaya ana wasa a Aldine, ya naɗe ta cikin minti shida. Ko ruwan da aka ajiye masa bai kurɓa ba, la'ananne.

Da farko kuka aka yi. Daga nan aka koma ɗaga kwalaye da taro a zauren coci. Da aka ga babu mai saurare, sai abin ya yi muni. Labari ya fita cewa ma'aikata goma sha ɗaya sun sa hannu za su bi ƙungiya. Shugaban masu sayar da tikiti ya tashi ya tarar an farke tayoyin motarsa duka huɗu. Matar da ke duba lafiyar 'yan wasa aka watsa wa ƙofarta jan fenti, aka daina amsa gaisuwarta a kanti. Wani kuma karensa ne ya fita bai dawo ba, har yau ba wanda ya ce ga abin da ya same shi.

Lowell yana cikin goma sha ɗayan nan, kuma ba don yana marmarin hamada ba. Ƙodar Irena ta tsaya shekara uku da suka wuce. Sau uku a mako ake haɗa ta da inji a wanke mata jini, kuma inshorar aikin Otis ce ke ɗauke da wannan. In rigar ta tafi, inshora ta tafi. Wa zai ɗauki mutum mai shekara hamsin da uku, da gwiwa ɗaya da rabi, da mata a jikin inji? Ya sa hannu cikin Fabrairu, ya fito ya shiga banɗaki ya yi amai. Da yamma kuma ya je taron ceto ƙungiya ya zauna a layi na biyu, ya yi tafi duk inda aka yi tafi. Dole ya je, domin mai jagorantar taron wan Irena ne, Casimir Wojtala, wanda kowa ke kira Caz, tsohon mai walda a masana'antar ƙarfe, ƙato mai muryar da ba ta buƙatar lasifika.

Ranar Lahadin wasan ƙarshe, bayan an taso daga coci, Caz ya faɗo musu ɗakin girki babu ƙwanƙwasawa, kamar kullum. Irena na soya pierogi, 'yan ƙullin fulawa masu dankali a ciki, da albasa, ya sa hannu cikin kasko ya ɗauki ɗaya.

"Ina sarkin tawul? A'a, ga shi nan, ya yi zuru kamar an aiko masa da sammaci," in ji Caz, ya ɗaka wa Lowell duka a kafaɗa. "Saki ranka, mutumina. Daga gobe ni da kai zaman kashe wando. Sai mu riƙa zuwa kamun kifi, kai kana ƙirga su tunda ƙirga ka iya."

Lowell ya yi yaƙe.

"Mun gano na tara," Caz ya ci gaba, bakinsa cike. "Yaron nan mai haɗa kiɗa. Ka ji ɗan banza! Ubansa ni na koya masa walda. Saura biyu. Ai da ɗan gari akan ci gari, in ba su yarda sun bi mai ƙungiyar ba, shi kaɗai zai je ya share filin? Kai da ke cikin gidan, ba ka jin ƙishin-ƙishin?"

"Ni ina ƙasa wajen kaya. Ba wanda ke gaya mini komai."

"Caz, ci abinci ka ƙyale bayin Allah," in ji Irena, ba ta juyo ba. "Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo."

"Ke kullum tausayi. Su tafi mana! Su kwashi 'yan wasansu da ba su iya jefa ƙwallo ko a rijiya ba. Amma akwai abin da ba za su ɗauka ba, na rantse da kabarin Baba." Ya daki aljihun rigarsa ta sama, wani abu mai nauyi ya yi ƙara kamar ƙarfe. "Yau za a ga aiki."

"Mene ne wannan?" Lowell ya tambaya.

"Ba ruwanka. Kai dai tsaya wajen tawul ɗinka, kada a taka ka."

Da ya fita, Irena ta kashe wuta ta zauna. Hannunta na hagu, wanda allura ta mayar kamar igiya mai ƙulli, ta ɗora a kan tebur.

"Ka buga waya ka ce ba ka da lafiya."

"A wasan ƙarshe? Su sa wani yaro a rigar, su ga ashe ana iya yi ba ni?" Ya girgiza kai. "Awa biyu da rabi ne, Irena. Tutocin ƙungiya da ke rataye a rufin zauren Caz yake nufi, ina jin su za su saukar."

Ya faɗa ne don ta ci abinci. Shi kansa bai yarda da maganar ba.

A ƙaramin ɗakin da ke ƙarshen lungu, wanda aka rubuta wa "Kayan Shara" don kada kowa ya leƙa, Bernadine ta sa masa falmaran mai ƙanƙara, ta ɗora rigar gashi a kai, ta ja igiyoyi. Duk wanda bai taɓa shiga irin rigar nan ba ba zai gane ba. Minti ashirin ne iyaka, sai mutum ya koma ɗaki ya cire kai, ya sha ruwa, a canza ƙanƙara. A cikin kan akwai wata 'yar fanka mai batir da ke juya iskar da ka riga ka shaƙa, kuma ta ragar bakin alfadarin kake gani, abin da ke gabanka kawai, babu dama babu hagu. In abin ya fi ƙarfinsa, sai ya ja kunnen hagu, ita kuma ta san yadda za ta fitar da shi.

"An kwashe masu gadi duka an kai ƙofar 'yan wasa," in ji ta. "Yau ni ce sojanka, ni da jakar nan."

"Bernadine, game da Verano..."

"A'a. Ban tambaye ka ba, kada ka faɗa mini. Abin da ban sani ba, ba za a gan shi a fuskata ba. Sunkuyo."

Ta kifa masa kan, ta ɗaure maɗaurin haɓa. Duniya ta koma 'yar taga.

Bai taɓa ganin zauren haka ba. Ya cika maƙil, rabin mutane sanye da baƙi, amma shiru kamar gidan makoki. Ɗakin gilashin mai ƙungiya a rufe, babu kowa. Da aka fara wasa sai ihun ya ɓarke, ba na murna ba, wani irin gurnani da ke shiga ƙashi. Ana jefa ƙwallo a raga su yi tsaki, ana kuskurewa su yi tafi. Kofunan giya suka fara sauka a fili, aka tsayar da wasa sau biyu ana gogewa.

Otis kaɗai suka bari da ƙauna, kuma ƙaunar ce ta fi ba shi tsoro. Duk inda ya bi sai hannuwa. Mata suna rungume shi suna kuka, maza suna miƙo jarirai a ɗauki hoto. Wani tsoho da bututun iska a hanci ya kama hancin alfadarin da hannu biyu, ya jingina goshinsa a kai, ya ce, "Kai dai ba za ka bar mu ba, ko? Kai namu ne." Numfashinsa har cikin ragar. Lowell ya daskare, sannan ya gyaɗa ƙaton kan, don abin da Otis zai yi ke nan.

A zangon ƙarshe ya kasa komawa ɗaki. Duk matakalar da ya nufa a toshe, kowa na son hotonsa na ƙarshe. Minti ashirin suka wuce, talatin suka wuce. Ƙanƙarar ta narke ta zama ruwan ɗumi a ƙirjinsa. Saura minti ɗaya a tashi ya ja kunnen hagu, Bernadine ta kama kofatonsa tana ture mutane da jaka. Sun kusa bakin lungu, yana hango ƙofar, sai ƙarar tashi ta kaɗa.

Kamar an fasa madatsar ruwa. Jama'a suka kwararo daga kowane ɓangare, hannun Bernadine ya suɓuce, ya ji tana kiran "Otis! Ku bar shi!" daga nesa. Wasu hannuwa masu ƙarfi suka kama ƙafafunsa da kugunsa, ƙasa ta ɓace. Ta ragar yana ganin fitilun rufi suna wucewa, sai saman ƙofa, sai rana ta dalle masa ido. Watan Afrilu ne, amma ranar ta fito da zafi irin na tsakiyar Yuli.

A ƙofar zauren akwai tsohon keken ƙarfe na ɗaukar kwal da aka kafa don tunawa da ramukan da suka gina garin. Nan suka dire shi. Ya ji sarƙa ta zagaya kugunsa da jikin keken sau biyu, ya ji kwaɗo ya ce ƙwas. Da ya juyo da kan, ga Caz tsaye kan keken, yana ɗaga makulli sama.

"Jama'ar Aldine!" Caz ya daka tsawa. "Sun ɗauki ƙungiya, to su riƙe. Amma Otis a nan aka haife shi! Ba ya zuwa ko'ina sai mai ƙungiyar can ya sa hannu cewa suna da alfadari namu ne. In kwana uku ne, mu kwana uku a nan!"

Ihun da ya biyo baya sai da ya girgiza sarƙar. Wayoyi suka tashi sama, ɗaruruwa, duk sun nufo shi. Ga motar gidan talabijin tana kafa eriyarta.

Babu wanda ya taɓa shi da mugunta, wannan shi ne abin. Suna shafa masa kunne, wata ta rataya masa gyalenta a wuya, wani ya ajiye masa kofin giya mai sanyi a gabansa aka yi dariya. Shekara da shekaru sun saba ganin Otis, sun manta sarai akwai ɗan'adam a ciki. Lowell ya kalli raɓar da ke gangarowa a jikin kofin, harshensa kamar tsohon takalmi. Fankar ta yi 'yar ƙara ta mutu.

Ya ja kunnen hagu. Ya sake ja. Wasu yara a gaba suka kama nasu kunnuwan suna kwaikwayonsa. Ya nemi Bernadine ta 'yar tagar, babu ita, sai fuskoki, fuskokin da ya sani, mai gyaran motarsa, matar gidan burodi, maƙwabcinsa na hagu. Sai ya lura gumi ya daina zubo masa. Likita ya taɓa gaya masa cewa in gumi ya tsaya, to jiki ya sallama, abin da ya rage mintoci ne. Tsoro ya kama shi irin wanda bai taɓa ji ba. Zai mutu a nan, tsakar rana, a gaban mutanen da suka san shi tun yana yaro, cikin kai mai dariya.

Gwiwoyinsa suka saki. Ya zame a jikin keken ya zauna daɓas.

Wayyo, murna! Filin gaba ɗaya ya ɗauka, "Ba ya tashi! Ba ya tashi!" Suna tsalle, suna buga ƙafa, wasu suna share hawaye. Caz ya nuna shi da makulli yana cewa, "Kun gani? Shi ma ya faɗi nasa!" Lowell yana jinsu kamar daga ƙarƙashin ruwa. Gefen ganinsa ya fara yin baƙi, kan ya rinjaya ya faɗa kan ƙirjinsa.

Wata mata ce, da alama ma'aikaciyar jinya, ta kutso tana cewa, "Ku dakata! Ku dakata mana! Wannan ba wasa yake ba, dubi hannunsa yadda yake rawa. Tun yaushe yake cikin abin nan? Ku cire masa kan ya sha iska!"

Sai Merle Hutnik, abokin Caz na shekara arba'in, ya ce da ƙarfi, "Ƙwarai kuwa, a cire! Ai rigar ba da kanta za ta tafi Verano ba. Mu ga ko na goma ne a ciki!"

Nan take waƙar ta juya. "A cire! A cire!" Muryoyin da suka yi masa kirari yanzun nan suka yi kaifi. Da'irar ta matso, wayoyin suka matso.

Caz ya diro daga keken ya durƙusa gabansa. "Yi haƙuri, bawan Allah, ko wane ne kai," ya ce, ya zura hannu ƙarƙashin haɓar alfadarin yana laluben maɗauri. Lowell ya ji yatsun a wuyansa. Iska yake so, Allah ya sani, babu abin da yake so a duniya kamar a ɗage abin nan. Amma in ya ɗagu, kafin ya ja numfashi biyu fuskarsa ta isa ofis, ta isa Verano, kuma ranar Talata da ƙarfe bakwai Irena ke da inji.

Ya tattara ɗan abin da ya rage masa, ya ɗaga kofatan biyu, ya rungumo wuyan Caz, ya jawo kunnensa daidai ragar bakin. Jama'a suka ce "Ayya!", sun ɗauka runguma ce.

"Caz," ya ce, muryar da ƙyar ta fita. "Kada ka cire."

Yatsun suka tsaya.

"Ni ne. Lowell. In suka ga fuskata an kore ni. Injin Irena, Caz."

Caz bai motsa ba. Ta ragar Lowell yana ganin gefen fuskarsa kawai, da jijiyar da ke harbawa a wuyansa. Ana ta ihun a cire, Merle na cewa, "Me kake jira? Ko sumbatarsa za ka yi?" Lowell ya rufe ido. Ya gama abin da zai iya, yanzu rayuwar matarsa tana hannun mutumin da ya rantse da kabarin ubansa.

Sai ya ji hannun ya fita daga ƙarƙashin haɓarsa. Ya ji makulli a cikin kwaɗo, sarƙa ta zube ƙasa.

"An gama," in ji Caz, ya miƙe. "Ku ba da hanya."

"An gama me?" in ji Merle. "Kai ka ce kwana uku!"

"Na ce ku ba da hanya."

Ya sunkuya ya saɓa alfadarin a kafaɗa kamar buhu, ya dafe kan da hannu ɗaya don kada ya zame, ya nufi wajen ajiye motoci. Wani ya kai hannu zai fizgi kunne, Caz ya mangare shi da gwiwar hannu ya zube. Daga nan ne abin ya lalace. "Ya mayar musu da shi!" wani ya ce. "An saye shi!" Aka tofa masa yawu a wuya. Kofin giya ya fashe a bayansa. Merle na biye da shi yana cewa, "Caz, dube ni! Nawa suka ba ka? Ashe kai ne na goman!" Caz bai waiga ba, tafiya kawai yake yana haki, mutum mai shekara sittin da biyu ɗauke da wani a kafaɗa.

Bernadine, gilashin idonta a karye, ta riske su a bakin tsohuwar motar Caz ta aiki, wadda ba ta da taga a baya. Suka tura shi ciki tsakanin tukwanen gas da wayoyin walda, suka ja ƙofa. Ita ta kwance maɗaurin. Iska ta daki fuskar Lowell, ya buɗe baki yana shaƙa kamar kifi a tudu. Ta yanke igiyoyin baya da almakashi, ta juye masa gorar ruwa a kai da wuya, ta ɗiga masa kaɗan a baki tana cewa, "A hankali, kada ka haɗiye da yawa. Asibiti za mu, Caz, yanzu."

Caz na durƙushe yana kallon fuskar mijin ƙanwarsa, ja kamar ɗanyen nama, a saman jikin alfadari. A waje an fara dukan motar da tafin hannu.

"Shekara nawa?" ya tambaya.

"Sha tara."

"Sha tara. Ina zaune a teburinka ina ce maka sarkin tawul." Ya goge yawun da ke wuyansa da hannun riga. "Ka sa hannu ke nan."

"Na sa."

"To Irena ma tafiya za ta yi."

Lowell ya gyaɗa kai. Caz ya sunkuyar da kai, kafaɗunsa suka yi rawa sau ɗaya. Ita kaɗai ta rage masa a duniya, kowa ya sani, a kan titi ɗaya suka tsufa.

"Yaushe?"

"Farkon Yuni."

Dukan ya ƙaru, motar tana jijjiga. Sunan Caz suke kira yanzu, ba na Otis ba, suna haɗa shi da maci amana. Lowell ya kama hannunsa, hawaye ya so ya yi amma babu ruwan yinsa a jikinsa.

"In mun tafi ka gaya musu. Ka ce ni ne. Su zage ni, ina can."

"In gaya musu me? Cewa alfadari ya yi mini magana a kunne?" Caz ya zare hannunsa. "Kafin rana ta faɗi Merle ya buga wa ofishinku waya don haushi, ya ce Otis ya karya doka. A can ma sai su kore ka. Ba yau ba, ba baɗi ba, muddin tana jikin injin nan bakina a rufe yake."

"Amma a nan za ka zauna, Caz. Da su."

"Na sani. Kwanta."

Ya ja tsohon bargo ya rufe kan Otis da ke gefe yana dariya, ya tsallaka gaba ya zauna a kujerar direba. Dutse ya sauka a gilashin, ya tsage daga sama har ƙasa. Caz ya ga wanda ya jefa. Ya tada mota ya fara ratsa su a hankali, ƙafarsa a kan birki, domin duk wanda ke tsaye a gaban motar ya san shi, ya san uwarsa, ya san gidan da aka haife shi.